Yadda Ake Tace Shirin Resilin da Aka Riga Aka Naɗa: Sauti, Yankan Hoto da Ƙarin Armashi

Daga 1999 zuwa tsakiyar 2016, shirin resilin mai suna SmackDown na kamfanin WWE galibi ranar Talata ake naɗarsa, sai ranar Alhamis ko Juma'a a haska shi a talabijin. Kwana biyu ko ukun da ke tsakani na masu tacewa ne. A ciki suke cire dukan da ya kuskure, su ɗaga ihun 'yan kallo, su gyara maganar masu sharhi, su matse wasa ya shiga lokacin da tasha ta bayar. Har yau aikin bai daina ba, don ƙananan kamfanoni da yawa a Amurka sukan naɗi shirin makonni uku ko huɗu a dare ɗaya ko biyu saboda tsadar haya da kayan aiki.

Wannan jagora ce ga wanda aka miƙa wa irin wannan aiki, ko wanda ke son sanin abin da kunnensa ke ji idan yana kallo. Ra'ayina a kai ɗaya ne, kuma a kansa na ɗora duk matakan: aikin mai tacewa shi ne ya fito da abin da ya faru a zauren fili yadda wanda ke gida zai ji kamar yana wurin. Duk sautin da ka ƙara dole ya kasance yana da tushe a cikin hoton da ake gani.

Fara tun kafin a buga ƙararrawa

Rabin aikin tacewa ranar ɗauka ake yin sa. In ba a naɗi sauti mai kyau ba, babu manhajar da za ta cece ka.

Ka fara sanin yadda dandalin yake. Ƙarafuna ne a ƙasa, a jera katakai a kai, a shimfiɗa soso mai kauri kaɗan, a rufe da tamfol. Ƙarar da ake ji idan an kayar da mutum daga katakan nan take fitowa. Saboda haka makirufo na farko ƙarƙashin dandali zai shiga, kusa da tsakiya, a ɗora shi kan abu mai laushi don kada girgizar ƙarfe ta shiga cikinsa kai tsaye. Ka rage ƙarfin shigarsa sosai, domin ƙato biyu in suka faɗi tare sautin yakan fashe, wanda ya fashe kuwa ba ya gyaruwa. Sa wasu dogayen makirufo biyu ko huɗu a kusurwoyi suna kallon ciki, su ne za su kama marin ƙirji, numfashi da muryar alƙalin wasa. Na 'yan kallo kuma a rataye su sama, aƙalla biyu, hagu da dama, su ba lasifikokin zaure baya. Kada ka ajiye makirufo daidai bakin mutum ɗaya, in ba haka ba duk shirin muryarsa za a sha.

Kowane makirufo da layinsa daban. Masu sharhi kowa da nasa, mai sanarwa da nasa, kiɗan shigowar 'yan wasa a ɗauke shi kai tsaye daga na'urar haɗa sauti. In ka bari aka cakuɗa su wuri ɗaya, ranar da kake son cire zagi ɗaya sai ka cire ihun jama'a tare da shi. A naɗa a kan 48 kilohaz, wanda shi ne ma'aunin aikin bidiyo. Kyamarori duk su kasance a kan gudu ɗaya: firam 25, wato hotuna 25 a jere, a daƙiƙa a tsarin da Najeriya da Turai ke bi, 29.97 a na Amurka.

Sai wani abu da mutane ke mantawa. Kafin a fara wasan farko, lokacin da jama'a ke da kuzari, mai sanarwa ya sa su yi sowa, su yi ihun ƙi, su tafa, kowanne na kusan rabin minti. Ka kuma naɗi minti biyu ko uku na hayaniyarsu kawai, ba tare da ana komai ba. Wannan hayaniyar ita za ka riƙa liƙe duk wata ɓaraka da ita daga baya.

Daidaita sauti da hoto

Ka zuba komai cikin manhajar da kake amfani da ita, DaVinci Resolve ce ko Premiere Pro, ka haɗa kyamarorin su zama jeri ɗaya da za ka riƙa zaɓa a ciki. In babu agogon da ke haɗa na'urorin, tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban duk kyamarori ya isa, ko bugun ƙararrawar fara wasa.

Akwai lissafin da ya kamata ka riƙe. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. A firam 25, kowane firam ɗaya sauti ya ci kusan mita 14. Makirufon da ke mita 28 daga dandali zai ji faɗuwa firam biyu bayan na ƙarƙashin dandali ya ji. In ka haɗa su haka, faɗuwa ɗaya za ta fito kamar biyu a manne, ta rasa kaifi. Ka jawo layin na nesa ya matso kusa da na dandali. Ba lallai su haɗu daidai wa daida ba, ɗan jinkirin da ya rage shi ke sa kunne ya ji girman zaure.

Yankan hoto

Kalli wasan gaba ɗaya daga babbar kyamarar da ke kafe a gefe ɗaya, ba tare da ka taɓa komai ba. Rubuta lokacin duk abin da ya ja hankalinka: inda jama'a suka tashi, inda aka yi kuskure, inda wasa ya yi sanyi. In da hali ka tambayi wanda ya tsara wasan labarin da ake son bayarwa. Wataƙila duk minti goman an gina su ne a kan ciwon gwiwar mutum ɗaya. In ba ka sani ba, za ka iya yanke wurin da aka fara dukan gwiwar don kana ganin ba shi da armashi, ƙarshen wasa ya tashi ba ma'ana.

Babbar kyamara ita ce gida. 'Yan wasa sun san inda take, kuma gare ta suke juya fuska. Daga nan kake fita zuwa kyamarorin hannu da ke gefen dandali, ka dawo. Kada ka tsallaka zuwa ɗaya gefen dandali ba gaira ba dalili, don wanda yake hagu zai koma dama, mai kallo ya rikice.

Dukan da ya kuskure, wanda kowa ya ga iska tsakanin ƙafa da fuska, hanyar ɓoye shi ita ce ka nemi kyamarar da ke bayan mai dukan ko bayan wanda aka doka. Daga can tazarar ba ta ganuwa. In babu wannan, ka sauya kyamara daidai lokacin da dukan zai sauka. Amma a nan nake roƙon a yi hattara. An daɗe ana ƙorafi kan salon da WWE ta bi shekaru da yawa, na sauya kyamara da zuƙo hoto a kusan kowane naushi, har wasu masu kallo suna cewa yana sa su jiri. Dabarar da aka yi don ɓoye kuskure ɗaya, in aka mayar da ita ɗabi'a, tana ɓoye gwanintar waɗanda ba su yi kuskure ba. Mutum ya yi shekaru yana koyon yadda zai tashi sama ya juya ya sauka lafiya, haƙƙinsa ne a bar shi a gan shi a hoto ɗaya daga tashi har sauka.

In za ka cire wani yanki gaba ɗaya, nemi wuri biyu da jikinsu yake a yanayi iri ɗaya, misali duk suna kwance, ko ɗaya ya shaƙe ɗaya a ƙasa. Ka rufe mahaɗar da hoton 'yan kallo, ko fuskar manaja a waje, ko maimaicin wani abu da ya wuce. Wurin talla ma babbar dama ce, an tafi suna waje, an dawo suna ciki, ba wanda zai tambaya. Kafin ka wuce, duba gumi, gashi, kujerar da ke yashe a ƙasa da inda alƙali yake tsaye. Kujerar da ta ɓace ba wanda ya ɗauke ta ta isa ta tona maka asiri.

Wuri ɗaya ne ban yarda a taɓa ba: ƙirgen uku na ƙarshe. Hannun alƙali da kafaɗun wanda aka danne su kasance a hoto ɗaya tun daga ɗaya har uku.

Hattara kuma da hoton da aka ɗauka daga baya aka cusa. A wasan da The Rock da Mankind suka yi a zauren da babu kowa, wanda aka haska ranar 31 ga Janairu 1999, Mankind ya danne abokin karawarsa da motar ɗaga kaya. Sai aka nuna fuskar The Rock daga sama, daga wurin da ba a ga wata kyamara ba a hoton da ya gabata. Har yau masu kallo suna ambaton wannan hoton. Ka tambayi kanka kullum: a ina mai kyamarar nan yake tsaye, kuma zai yiwu ya kasance a wurin?

Ƙarar duka da faɗuwa

Yanzu ka rufe hoto, kada ka sake motsa shi, ka koma kan sauti.

Fara da shara. 'Yan wasa suna magana a cikin dandali, suna gaya wa juna abin da za a yi gaba, alƙali ma yana isar musu da saƙon lokaci. Makirufon kusurwa yakan kama wannan. Ka bi layin a hankali da abin ji a kunne, duk inda ka ji, ka sauke wannan layin kaɗai, ka bar na jama'a ya rufe. Haka za ka yi da zagi. Gurnanin janareta ko na'urar sanyaya ɗaki kuma ka rage shi da ikwalaiza, wato abin da ke ɗaga ko rage wani sashe na sauti, amma kada ka yanke sauti mai kauri na layin ƙarƙashin dandali, nan ne nauyin faɗuwa yake.

Sannan ka saurari abin da kake da shi kafin ka ƙara komai. 'Yan wasa da kansu suna yin sautinsu. Mai harbi da ƙafa yakan mari cinyarsa daidai lokacin, mai naushi yakan buga ƙafa a katako. Marin ƙirji kuwa na gaske ne. Wanda ya ga Kenta Kobashi da Kensuke Sasaki suna musayarsa a Tokyo Dome a 2005 ya san babu abin da mai tacewa zai ƙara a kai. Sau da yawa abin da ake bukata kawai shi ne ka ɗaga layin kusurwa na ɗan ƙiftawar ido daidai kan dukan, ka mayar da shi.

In lallai sai ka ƙara, ɗauko daga wasan kansa. Nemi wata faɗuwa mai kyau a dandalin nan, a daren nan, ka kwafe ta ka sa ƙarƙashin wadda ta yi rauni. Dandali ɗaya ne, zaure ɗaya ne, kunne ba zai ji baƙon abu ba. Ka tara guda biyar ko shida mabambanta, kada ka maimaita ɗaya sau biyu a jere. Ka auna nauyi: ƙaramin mutum ba ya faɗuwa da ƙarar ƙato, faɗuwa a tsakiya tana da amo, ta gefen dandali kuwa a bushe take don can ƙarfe ne. Sa shi daidai kan firam ɗin da jiki ya taɓa, ko firam ɗaya bayansa. Kada ya riga hoto ko da firam ɗaya ne, domin a duniya ba a jin abu kafin a gan shi, kuma kunne ya fi saurin kama wannan kuskuren.

Sautin naushi irin na finafinan faɗa ba shi da wuri a wasan da aka yi gaban jama'a. Shirin Wrestling Society X da MTV ta haska a 2007 ya bi hanyar ƙare-ƙare, da girgiza hoto da ƙawata fashewar abubuwa bayan ɗauka, a cikin shirin rabin awa da aka yanka da sauri. Akwai ƙwararrun matasa a ciki, amma kwalliyar ta danne aikinsu, shirin kuma bai wuce zango ɗaya ba.

Muryar jama'a

Nan ne aka fi yin ɓarna, nan kuma ya kamata ka fi daɗewa.

Dalilin ƙara ihu a fili yake. In an naɗi shiri huɗu a dare ɗaya, mutanen da suka yi sowa da ƙarfe bakwai sun gaji da ƙarfe goma sha ɗaya, alhali mai kallo a gida yana ganin sabon mako ne. Cike wannan giɓin ba laifi ba ne. Miyar da gishirinta ya yi kaɗan ana ƙara mata, amma da ɗan yatsa.

Ga yadda za ka yi. Shimfiɗa hayaniyar nan da ka naɗa a ƙarƙashin wasan tun daga farko har ƙarshe, a ƙasa-ƙasa, yadda duk inda ka yi yanka ba za a ji sauti ya yi tsalle ba. Kowace mahaɗa ka narkar da ita cikin ta gaba, kimanin rabin daƙiƙa zuwa ɗaya. Saurari shimfiɗar da kyau: in akwai fito, ko wata murya da ta fita daban, cire ta, don in ta dawo bayan kowane daƙiƙa talatin kowa zai gane. Masu kallon SmackDown na zamanin naɗi sun kai ga haddace wata sowa da ake yawan sa wa, suna ganewa da zarar ta tashi.

Bayan haka ka bi wuraren da jama'a suka amsa da kansu, ka ƙarfafa su. Jama'a ba sa ihu daidai kan duka, sai sun gani, sun fahimta, sannan murya ta fito, ta hau, ta sauka a hankali. Ka bar wannan ɗan jinkirin, kuma ka bar wutsiyar ihun ta mutu da kanta.

Sai ka duba hoto. In ana jin zaure zai tsage amma mutanen layin gaba suna zaune sun naɗe hannu, ko suna duba waya, ka yi ƙarya kuma an kama ka. Ko ka rage sautin, ko ka koma kyamarar da ba ta nuna su. Girman zaure ma haka: mutum ɗari uku ba sa yin amon mutum dubu goma sha biyar. Kowace ƙasa kuma da irin jama'arta. A Amurka in aka yi marin ƙirji sukan amsa da ihun "Wuu!" na tsohon ɗan wasa Ric Flair. A Japan sukan yi tsit suna kallo, sai tafi bayan an yi abin gwaninta. A zauren Arena México na ƙasar Mexico ƙahonni da hayaniya ba sa yankewa. Ba a ɗauko sautin wani wuri a liƙa wa wani.

Abin da nake ƙi da gaske shi ne juya hukuncin jama'a, wato su yi wa mutum ihun ƙi, kai ka mayar da shi sowa don kamfani na son a so shi. Waɗanda ke zauren suna da waya, kafin shirinka ya fita sun riga sun sa abin da ya faru a intanet. Ban da haka, 'yan wasan suna jin jama'a suna sauya takunsu a kai. Wanda ake yi wa ihu fuskarsa da tafiyarsa suna nunawa, sautinka zai ce abu ɗaya, jikinsa ya ce wani. Shiru ma ka ƙyale shi inda ya dace. Tsit ɗin da ake yi idan mutum ya faɗo daga sama bai motsa ba ya fi kowane ihu ƙarfi.

Zamanin korona ya nuna iyakar abin. An naɗi babban taron resilin na WrestleMania 36 a cibiyar horo ta WWE da ke Orlando ba ɗan kallo ko ɗaya, aka haska a ranakun 4 da 5 ga Afrilu 2020, ana jin kowane numfashi. Daga Agusta na shekarar suka koma tsarin ThunderDome, fuskokin masu kallo a allunan bango, ihu kuma daga na'ura. Ya rage kaɗaicin zauren, amma kowa ya san wani ne ke danna maɓalli yana zaɓar wanda za a so.

Sharhi da kiɗa

In masu sharhi a ɗaki za su yi magana bayan an gama yanka, ka sa musu ihun jama'a da ƙarfi a kunne, muryarsu za ta tashi da kanta. Su riƙa bin abin da ke faruwa a baya, kada mamakinsu ya riga faɗuwa. In an naɗi makonni da yawa tare, riƙe takarda: wa ke da kambu a wane mako, wa ya ji ciwo, me aka riga aka faɗa. A 1993 kamfanin resilin na WCW ya naɗi shirye-shiryen watanni a Orlando, mutane suka fito da kambun da ba su riga sun ci ba a talabijin, labari ya bazu.

Muryar sharhi a tsakiya, jama'a a hagu da dama. Idan ana magana jama'a su ɗan sauka, amma a manyan wurare ka bar su su kusa danne mai sharhi, hakan ne ke sa gida a ji zafin wurin. Kiɗan shigowa ka haɗa tsaftataccen da ka ɗauka da ɗan amonsa na zaure. Tabbatar kana da izinin kowane kiɗa. Tsofaffin wasannin kamfanin resilin na ECW da dama sai da aka sauya musu kiɗa kafin a sake fitar da su, saboda haƙƙin mallaka.

Wasan da aka yi shi kamar fim

Wannan wani fage ne daban. Shirin resilin na Lucha Underground, da aka fara a 2014 a Los Angeles, ya riƙa ɗaukar abin da ke faruwa bayan fage da haske da kiɗa irin na fim. A 2016 Matt Hardy da ɗan'uwansa Jeff suka yi nasu a gidansu da ke North Carolina, da jirgi mara matuƙi da wasan wuta. A 2020 Undertaker da AJ Styles suka kara a maƙabarta, kiɗa na tafiya a ƙasa ba mai sharhi. A irin wannan kana da 'yancin ƙara sautin naushi, rage gudun hoto, sauya launi, domin tun daga hoton farko an nuna wa mai kallo cewa fim yake kallo. Sharaɗin kawai ka riƙe salo ɗaya har ƙarshe, kuma kada ka kwaso shi ka shigar cikin wasan zaure.

Duk wannan na resilin ne, inda an riga an tsara wanda zai ci. Mai ɗaukar dambe ko kokawar gargajiya zai amfana da batun makirufo da daidaita sauti, amma can gasa ce ta gaske, ba a cire bugu ko a ƙara wanda ba a yi ba.

Awo na ƙarshe da fitarwa

Tambayi tashar ma'aunin ƙarfin sautin da take karɓa. A awon ƙarfin sauti da ake kira LUFS, na Turai -23 ne, na Amurka -24, YouTube kuma yakan sauke abin da ya wuce wajen -14. Sa limita, wato abin da ke hana sauti wuce iyaka, a ƙarshe don kada faɗuwa ta fashe, amma kada ka matse komai ya zama ƙarfi ɗaya, wasa na bukatar wurin sauka kafin ya hau.

Saurara a lasifika mai kyau, sannan a ƙaramar talabijin, sannan a waya. A waya nauyin faɗuwa yakan ɓace, in haka ta faru ka ɗan ɗaga tsakiyar sautin katako. Mayar da komai layi ɗaya ka ji ko jama'a sun shuɗe, don makirufo biyu da suka saɓa wa juna sukan cinye sautin juna in an haɗe su. Daga nan ka ba wanda bai san inda ka taɓa ba ya kalla, ka ce ya tsayar da kai duk inda wani abu ya yi masa baƙo. Wurin da ya nuna, koma ka rage.

Wajen fitarwa, ban da cikakken shirin, ajiye sharhi daban, kiɗa daban, dandali da jama'a daban, da kwafin hoto marar rubutu a kai. Ranar da wata tasha ta nemi a ɗora sharhin wani harshe, ko izinin wani kiɗa ya ƙare, layi ɗaya kawai za ka sauya.